Ta Arba'in da Bakwai a Farin Kwando

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano
Litinin, 19 ga Mayu, 1975

Zuwa ga Yayana Ilu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna Gumsu tana gaishe ka. Tarin nan nata yana nan, amma da sauƙi. Matarka Asama'u lafiya lau, ta ce in gaya maka ruwan farko ya sauka, ɗakinku bai yi yoyo ba.

Bayan haka, Yaya, wani abu na gani da safiyar yau da ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai, tunda kai ka samo mini aikin nan a kamfaninku.

Na isa ofis a Sabon Gari kafin ƙarfe bakwai, na tarar da wata mata zaune a bencin ƙofa. Sunanta Fanta, mijinta lebura ne a reshenmu na Ikko. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce uwarta ta zo na rubuta mata saƙon da za a buga wa mijin ta waya: an haihu, namiji, ka zo suna. Yau ita da kanta ta zo. Ta ce, "Malam, takardar nan ta tafi?" Na shiga na duba kwando, tana nan, da guda bakwai a samanta. Na fito na faɗa mata. Ta ce, "To ka ciro ta ka canza. Ka rubuta yaron ya koma." Na ciro, na soke, na rubuta. Sai ta ce, "In an canza, ƙasa za a mayar da ita?" Na ce a'a, tana nan a wurinta. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta koma benci ta zauna.

Ku direbobi ba ku san abin da ke cikin ɗakin nan ba, bari in kwatanta maka. Na'urar buga saƙo guda ɗaya ce, waya guda ce tsakaninmu da Ikko, kuma ba kullum take buɗe ba. Wata rana ta yi awa guda, wata rana ko rabin awa ba ta kaiwa ta mutu. Mai bugawa Chinyere ce, muna ce mata Mama Ebere, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa. Ita ke juya saƙo zuwa Turanci, ta huda shi a jikin wata siririyar takarda da ake kira tef, in waya ta buɗe na'ura ta haɗiye.

A gefenta akwai kwando uku. Ja na Alhaji mai kamfani ne da manyan abokan hulɗarsa. Shuɗi na 'yan kasuwar da ke da rajista da mu. Fari na kowa da kowa: matan direbobi, iyayen leburori, irin su Fanta. Dokar ita ce ba a taɓa shuɗi sai ja ya ƙare, ba a taɓa fari sai shuɗi ya ƙare. Mama Ebere ta ce a da wannan doka ba ta cutar kowa, kafin azahar duk kwandunan sun zama wayam. To yanzu kuɗin mai ya shigo. Duk wanda ke da rumfa a Fagge odar kaya yake yi, yadi, siminti, babura, firji. Takardar ja guda ɗaya takan fi hannuna tsawo. Ja ba ya ƙarewa, balle shuɗi. Fari sai ranar Asabar in manya sun tashi da wuri a buga uku ko huɗu.

Aikina ni shi ne in rubuta wa wanda bai iya ba, in buga hatimin kwanan wata, in sa sabuwa a ƙarƙashin tsofaffi. Saboda haka duk abin da ke cikin farin kwandon nan na san shi. Babu mai odar firji a ciki.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san iyakata ajin yaƙi da jahilci.

Ƙaninka,
Hadi

*

Bakin ruwa, Ikko
Talata, 27 ga Mayu, 1975

Zuwa ga Hadi sarkin haƙuri,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, ina gaida Asama'u. Ni lafiya lau, in ban da sauro, waɗanda na nan garin sun kai 'yan tsaki. Wani malami ne a layinmu yake rubuta mini wannan, ya ce in rage zagi, alƙalaminsa da alwala.

Na ji labarin kwandunanka. Kai dai tun kana yaro haka kake, a aike ka sayen ƙuli ka dawo da labarin tururuwa. Ka yi aikinka ka bar Alhaji da wayarsa.

Amma in layi kake son ji, zo nan. Sati biyar ke nan motata tana tsaye ana jiran siminti. Jiragen ruwa sun cika teku kamar garken shanu, dare da rana suna nan ba sa motsi. Mu motoci mun fi ɗari biyu. A ƙarƙashin mota nake kwana, a nan nake salla, har mai tuwo ta san inuwata. Kullum da safe mu matsa tsawon mota biyu, sai ka ga wani ya zo da 'yar takarda daga wajen wani babba, a buɗe masa ya wuce gaba, mu muna kallo. Jiya na tare wani na ce, "Kai uwarka ce ta haife ka, mu daga rami muka fito?" Da ƙyar aka raba mu. Wallahi Hadi, duk mai tsallake layi ɓarawo ne, ko da rawani ya zo. Kwanan mutane yake sata.

Yanzu maganar da ta sa na rubuto. Tarin Inna bai kwanta mini ba. Na san ta, ko tana kan gargara ka tambaye ta, da sauƙi za ta ce, kai kuma ka rubuto mini da sauƙi. Ga yadda za mu yi. Ni ba zan iya barin layi haka kawai ba, in na ɗaga mota ko na bar ta kwana uku, sati biyar ɗin nan sun tafi a banza. Kuma ba ni da adireshi, babu mai iya gano ni sai masinjan reshenmu, shi ya san inda kowace motarmu take. Saboda haka in jikin ya yi tsanani ka buga mini waya ta ofishinku, a ranar zan kamo hanya, siminti ya ci kansa. In ban ga waya ba, na san lafiya. Ka ji? Waya, ba wasiƙa ba. Ai ga ka zaune a bakin rijiya.

Ka ce wa Asama'u ta riƙa dafa wa Inna citta da zuma. Ka ce wa Inna ɗanta ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ba za ta gane shi ba.

Yayanka,
Ilu

*

Rijiyar Lemo, Fagge
Juma'a, 6 ga Yuni, 1975

Zuwa ga Yaya Ilu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso ran Lahadi, na karanta wa Inna, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Asama'u lafiya.

Inna ta ce in rubuta maka da sauƙi. Ba zan rubuta ba. Ran Litinin ta faɗi a bakin murhu. Mun kai ta asibiti, likita ya ce huhu ne, ya ba da allura da ƙwayoyi, aka ce mu dawo gida. Ba ta iya kwanciya sai a jingine. Kunu ma cokali uku take sha. Yaya, ka zo.

Ran Talata da safe na rubuta maka saƙon waya: Inna ba lafiya sosai, ka zo maza. Na buga hatimi na sa a farin kwando. Ita ce ta arba'in da bakwai. Na nemi a sa ta a shuɗi, manajanmu Malam Abdulmuminu ya ce shuɗi sai mai rajista, kuma in ya buɗe mini ƙofar nan gobe ma'aikata talatin za su biyo ta.

Na kwana biyu ina tunani. Jiya da safe na je ɗiban ruwa a famfon unguwa, na tsaya ina kallon yadda maƙwabciyarmu Hajja mai famfo take yi. Ka san 'yan garuwa su ne manyan masu ɗiba, kowa da garwa goma. Da za ta ce sai sun gama, mai bokiti guda ba zai sha ruwa ba har azahar. Sai ta sa ɗan garuwa ya cika biyu, ta ɗaga sanda, mai bokiti ya tara, ɗan garuwa ya ci gaba. Babu wanda ya tafi da fushi.

Na je na sami Malam Abdulmuminu na durƙusa na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ce, "Hadi, wato kai za ka koya wa Alhaji yadda zai tafiyar da wayarsa, da karatun famfo?" Na ce, "A'a Malam, ja shi ne gaba, har gobe shi ne gaba. Ina dai roƙo in an buga ja uku, shuɗi biyu, a buga fari ɗaya, sannan a koma kan ja."

Mama Ebere tana ji. Ba ta ɗago daga na'ura ba ta ce, "Malam, yaron nan ya yi gaskiya amma bai iya lissafi ba. Kar a ƙirga takarda. Takardar Alhaji guda tana cin tef ɗin farare ashirin. A auna tef. Kamu uku na ja, kamu biyu na shuɗi, kamu ɗaya na fari. A kamu ɗaya farare biyu za su shiga, su ba su da dogon zance. Wane ya mutu, wance ta haihu, shi ke nan."

Malam ya ce, "In Alhaji ya ga saƙonsa ya makara fa?"

Ta ce, "Kafin ya gama kurɓar shayi an gama kamu ɗaya. In ya lura, ka ce ni ce, tsufa ya kama mini yatsu."

Malam ba mugu ba ne, Yaya, tsoro ne da shi. Ya ja carbi, ya ce zai gwada daga ran Litinin, amma kamu goma na ja, biyar na shuɗi, ɗaya na fari. Na ce Malam a ƙara. Ya ce, "Wanda aka ba ƙafar kaza ba ya tambayar cinya." Na yi godiya.

Na auna kamu a gefen tebur na yi masa alama da wuƙa. In waya ta yi mana kirki, taka za ta tafi a cikin mako mai zuwa. Amma ban dogara da ita kaɗai ba. Ikechukwu direba zai taso gobe da asuba, ya ce kwana uku zai iso ka, kuma ya yi mini alkawari hannu da hannu zai ba ka wannan. Ko wacce ta riga isowa, ka taso. Ni ba zan iya barinsu in hau jirgin ƙasa ba, ni kaɗai ne namiji a gidan, ni ke ɗaga ta.

Kullum in na dawo takan tambaye ni, "Ta nawa ce yau?"

Ƙaninka,
Hadi

*

Bakin ruwa, Ikko
Talata, 10 ga Yuni, 1975

Zuwa ga Hadi,

Gaisuwa gare ku duka. Kullum masinjan ofis ya wuce a kekensa sai na tare shi, "Akwai waya ta Ilu?" Ya ce babu. Yau har ya ce mini, "Direba, wai budurwa kake jira?" Na ce a'a, rashin wayar nake jira, kuma kullum ina samu. Alhamdu lillahi. Na san citta da zuma sun yi aiki.

Wasiƙa ma ban gani ba, amma na san ka, kana can kana ƙirga kwanduna.

Albishirinka. Ni ne na tara a layi. Na tara! In ba wani mai takarda ya faɗo daga sama ba, ran Asabar zan yi lodi, ran Laraba ina Kano. Na saya wa Inna turmin atamfa shuɗi mai ganye-ganye, da bargo mai laushi irin na jirgin ruwa, don damina. Kar ka faɗa mata bargon, atamfar kaɗai za ka faɗa. Kai kuma na saya maka agogo, ko ka riƙa sanin lokaci yana wucewa.

Ka ce mata ta tanadi daddawa. Sati bakwai ina cin miyar mutanen nan mai jan mai, bakina ya manta kuka.

Sai na zo,
Ilu

*

Saƙon waya, Kano zuwa Ikko
Alhamis, 12 ga Yuni, 1975

ILU DIREBA, LAYIN SIMINTI. INNA TA RASU YAU DA SAFE. KA ZO. HADI.

*

Ikko
Lahadi, 29 ga Yuni, 1975

Hadi,

Da hannuna nake rubuta wannan, ba na son wani ya ji. In ka kasa karanta wani wuri ka yi haƙuri, ai ka iya.

Ina fata kuna lafiya. Ka gaida Asama'u.

Na zo Kano na yi kwana shida ban ce maka komai ba in ban da amsa gaisuwa. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne. Ba shi kaɗai ba ne. Ran da na iso, bayan na dawo daga maƙabarta, Asama'u ta ce mini, "Inna ta yi ta ƙirga takardarka." Na ce wace takarda? Ta ce wadda Hadi ya sa a kwando tun ran Talatar farko. Na tsaya ina lissafi da yatsu a tsakar gida. Kwana tara. Na ji tsoron abin da bakina zai faɗa a gidan makoki, shi ya sa na rufe shi.

Da na dawo nan na tarar da wasiƙarka ta hannun Ikechukwu. Motarsa ta karye a Jebba, ya kwana takwas yana jiran ƙarfen gyara. Ya zo yana ba ni haƙuri kamar zai yi kuka. Ba ni da magana da shi, ƙarfe ne ya karye. Layina ya tafi, an tura motar baya, yanzu ni ne na ɗari da sittin. Wannan ma ba ni da magana a kai.

Da kai nake da magana. Na karanta labarin famfo da garwa da kamu. Ka yi wayo, Allah ya ƙara basira. Amma Hadi, kai ke sa takarda a kwando da hannunka. Kai ke buga hatimi. Babu ɗan sanda a ɗakin. Da ka ɗora ta a sama ran Talata, ko ka tura ta cikin ja, ran Juma'a ina gaban Inna. Da ta gan ni. Da na ɗaga ta ko sau ɗaya.

Matar nan ba ita ta haife ka ba, ƙanwarta ce ta haife ka ta rasu ta bar ka kana wata huɗu. Ita ta goya ka. Ni aka sauke daga bayanta aka ɗora ka. Ka ɗauke ta ka sa a ƙarƙashin mutum arba'in da shida da ba ka san su ba.

Bargon yana nan cikin mota. Ban san abin da zan yi da shi ba.

Abu ɗaya nake so ka amsa mini, kuma kar ka kawo mini labarin tururuwa. Ko sau ɗaya, a cikin kwana taran nan, ya zo maka a rai ka ɗaga ta?

Ilu

*

Rijiyar Lemo, Fagge
Alhamis, 10 ga Yuli, 1975

Zuwa ga Yayana Ilu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Asama'u lafiya, ta koma gidansu sai ka dawo, kamar yadda ka ce. Ni kaɗai ne a gidan. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Ka yi tambaya ɗaya, ga amsa. E. Ba a rai kaɗai ba. Na ɗaga ta da hannuna. Ban rubuta maka wannan a wasiƙar Ikechukwu ba, kunya ta hana ni, kuma har yau ban san wace kunyar ce ba, ta ɗagawar ko ta mayarwar.

Ran Laraba ne, huɗu ga Yuni, washegarin da na sa ta. Da safe Mama Ebere ta kalle ni ta ce, "Hadi, idonka ya faɗa. Ta wa ce ka sa jiya kana ɓoye fuska?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kawo ta nan. Sa a ja." Na ce Malam yana duba kwafin ja duk Juma'a, in ya gani ke za a kora, an kori wanda ya riga ki a kan haka. Ta ce, "Na sani. Lokacin yaƙin basasa ina can gabas, uwata tana wani gari, shekara biyu ban san ta mutu ba. Sa a ja, ni zan ji da Malam."

Na zaro ta daga ƙasan fari na sa a ja, ta biyu daga sama. Waya ta buɗe. Mama Ebere ta ɗauki ta farko, odar yadi ce mai tsawo, ta fara hudawa. Ina tsaye. Tawa ce ta gaba.

Sai na ɗaga kai na kalli taga. Fanta tana kan benci, matar da na ba ka labarinta, wadda yaronta ya koma. Tun daga ranar kullum take zuwa ta zauna har waya ta mutu, sannan ta tafi. A ranar takardarta ce ta ɗaya a farin kwando, bayan kusan sati huɗu. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga inda na zaro takarda, ta ga inda na sa. Ba ta tashi daga bencin ba, Yaya. Ko fuska ba ta canza ba. Kallona kawai take, irin kallon wanda dama ya san haka ake yi.

Ka ce mutum arba'in da shida da ban san su ba. Na san su. Ni na rubuta musu. Ta uku wani tsoho ne da ido ya rufe masa yana kiran ɗansa. Ta goma sha ɗaya mace ce da mota ta take mijinta a titin tashar jirgi, tana neman ɗan'uwansa. Iyaye mata marasa lafiya huɗu ne a gaban Inna. Kowanne na ce masa, "Tana nan a wurinta, babu mai tsallake ka."

Kafin odar yadin ta ƙare na miƙa hannu na ciro ta daga ja, na mayar ƙasan fari. Mama Ebere ta tsayar da yatsunta ta ce, "Kai mahaukaci ne." Na ce e. Ta ce, "Uwarka ce fa." Na ce na sani. Ta ci gaba da bugu tana share ido da kafaɗa.

Ba zan ɓoye maka ba, maganarka ta mai tsallake layi tana cikin kunnena a lokacin. Ban faɗi wannan don in ɗora maka ba. Da ba ka rubuta ba ma, ina jin haka zan yi. Na ce a raina, in na gyara kwandon duka, tata za ta tafi ba tare da na taka kowa ba, ga kuma Ikechukwu. Na ɗauka akwai kwana. Babu.

Ta Fanta ta tafi ran Asabar. Ran Litinin aka fara awon kamu, na dawo na ce wa Inna ta talatin da ɗaya. Ran Talata aka yi ruwa waya ta mutu da wuri, ta ashirin da bakwai. Ran Laraba ta goma sha biyu. Ran Alhamis da safe na jingina ta, na ba ta ruwa, ta ce, "Ta nawa?" Na ce, "Ta goma sha biyu, Inna, yau za ta tafi." Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Hadi, haƙurinka ya yi yawa." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ba yabo ba ne. Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. Ina so in ce maka ta ce ta yafe, ko ta ce na yi daidai. Ba ta ce ba.

Wajen ƙarfe goma saura farare biyu a gabanta, sai ga Hajja mai famfo a ƙofar ofis, da ƙafa ta zo tun daga Rijiyar Lemo, babu sanda. Da na ga ta bar famfo da safe na gane. Na ciro takardar na soke na sake rubutawa. Ta riƙe wurinta. Ita ce ka samu.

Awon kamu yana nan har yau. Alhaji bai lura ba. Yanzu fara ba ta wuce kwana biyu a kwando. Jiya wata tsohuwa ta kawo mini goro, ta ce ɗanta ya iso ya sami ubansa da rai. Na karɓa na ajiye a kan tebur, ban iya ci ba.

Kana so in ce na yi nadama. Kullum da safe in na zo wucewa ta ɗakinta ina yi. In na isa ofis na ga benci, sai in rasa. Da za a mayar da ni safiyar Larabar nan ban san abin da hannuna zai yi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka sauko ba. Ban roƙe ka ka yafe yanzu ba. In ka dawo ka ga ba za ka iya zama da ni gida ɗaya ba, zan nemi ɗaki a Fagge, gidan naka ne.

Na sa maka takardar a cikin wannan. Ga hatimin uku ga Yuni, ga rubutun farko ana ganinsa a ƙarƙashin sokewar. A kusurwarta za ka ga ɗan jan fenti, na bakin kwando ne, a nan ta goga.

Abin da nake roƙo shi ne kar ka ɗora wa kowa. Ba Malam Abdulmuminu ba ne, ba Ikechukwu ba ne, ba ruwan sama ba ne. Takardar ta shiga ja, kuma ni na fitar da ita. In kana son ka ji daga wani bakin, Mama Ebere ta gani, tana nan a na'urarta kullum har azahar. Malam Abdulmuminu ma ya gani, daga baya ya gaya mini yana tsaye a ƙofar ofishinsa, kuma ya ce da na bar ta a ja da ya kau da kai. Sai Fanta. Tana zaune a bayan masallacin Fagge, gidan da ke da bishiyar ɗurumi a ƙofa. Ita ta fi kowa gani.

Ƙaninka,
Hadi